Dutsen da Aka Yi wa Wanka

Zuwa ga Uwata,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan karatu yana shiga kai yana zama. Mu nan lafiya lau, in aka cire ƙafata ta hagu, wadda yanzu ta ninka ta dama girma. Mamarki tana gaishe ki. Ta ce in faɗa miki gaskiyar yadda na ji ciwon, kada in ce mota ce.

Ki yi haƙuri da takarda. Wayata ta riga ni isa ƙasa, kuma ita ba ta tashi ba.

Ranar Laraba da hantsi ina tsugune a shago ina yi wa ƙafar wata kujera walda, sai na ji ƙara a sama kamar tayar babbar mota ta fashe. Kafin in ɗaga gilashin fuska, wani abu ya huda kwanon rufi, ya daki bakin teburin ƙarfe, ya tarwatse. Mai hankali zai fita waje ya gode wa Allah. Ubanki tsani ya ɗauko, wai zai leƙa hudar. Kin san tsanin, wanda na haɗa da hannuna, wanda mamarki take cewa ko kaza ba za ta yarda ta hau ba. Na kai mataki na bakwai, mataki na bakwai ya ce shi ba a yi wannan alkawari da shi ba.

Abin da ya faɗo dutse ne. Cikinsa fari-fari kamar busasshen siminti, bayansa da wata siririyar fata mai ƙyalli, launin shayi da madara. Na kai masa maganaɗisun tsohuwar lasifika, ko kallonsa bai yi ba. Layi ya cika. Wanzami ya rantse ɓaraguzan jirgin sama ne. Mai faci ya ce yara ne suka yi jifa, na ce to a nemo min yaron in sa shi a ƙwallo mu huta da talauci. Sai ga maƙwabcina Mai Agogo. Ya zo da ɗan hantsakinsa, ya tsince ƙanana guda uku a bakin ƙofa, ya sa a kwalba tare da 'yan ƙulle-ƙullen nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, ya murɗe murfi. Na ce wa jama'a ga mai kiwon tsakuwa, in sun haihu a ba ni ɗa ɗaya. An yi dariya har wanzami ya yanki mutum. Tun ranar Mai Agogo bai amsa gaisuwata ba, shekara goma sha ɗaya muna bango ɗaya.

Tunda ke ce aka tura nesa karatun duwatsu, ga babban cikinsu nan na ba direban motar da ke zuwa garinku, ya kai ƙwan agwagwa. Ki nuna wa malamanki. In siminti ne, kada ki ce daga gidanku ya fito. Za ki ga yana da tsabta, ba zai ba ki kunya ba.

Ubanki, mai aji huɗu da ƙafa ɗaya da rabi.

*

Baba,

Na amsa sallama. Ya jiki? Don Allah ka bar ƙafar nan ta huta, kuma a sare tsanin nan a sayar wa masu gwangwani. A gaishe da Mama.

Saƙo ya iso. Baba, ba siminti ba ne. Na kai wa Farfesa, matar da ke duba kundin digirina, ta juya shi a hannu, sannan ta rufe ƙofar ofis. Mun yanko ɗan yanki siriri kamar fatar albasa, muka sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Bari in yi maka bayani yadda za ka iya yi wa wanzami.

Duwatsun da ke faɗowa daga sama iri uku ne: na ƙarfe zalla, na dutse, da masu rabi da rabi. Na dutsen kuma gida biyu ne. Mafi yawansu in ka fasa za ka ga 'yan ƙwayoyi zagayayyu a ciki, kamar tartsatsin walda da ya daskare a ƙasan shagonka. Kaɗan ne ba su da ƙwayoyin, domin uwar dutsen da suka ɓalle daga jikinta ta taɓa narkewa gaba ɗaya. Naka ba shi da ƙwaya ko ɗaya. Kusan dukansa wani farin ma'adini ne da ake kira enstatait, wanda ƙarfe bai shiga jikinsa ba, shi ya sa maganaɗisu ya ƙi shi. Irin wannan dutse sunansa obrait. Waɗanda aka ga faɗowarsu da ido a duk duniya ba su kai yatsun hannu da ƙafa ba. Farfesa ta ce in ajiye aikin da nake yi, wannan ya zama kundina.

Saura abu ɗaya mu tabbatar. A cikin irin wannan dutse ana samun 'yan ɗigo-ɗigon wani ma'adini, oldamait, haɗin alli da farar wuta. A inda dutsen ya fito babu ruwa, shi ya sa yake rayuwa a can. A nan duniya laima kaɗai cinye shi take yi. In muka same shi da ransa, shi ne shaidar sabon faɗowa.

Don haka ga takarda na haɗo, ta tarihin dutsen. Na rubuta cewa an tsince shi nan take kuma ruwa bai taɓa shi ba. In haka ne ka sa hannu a ƙasa. In akwai abin da ya taɓa shi, ko jiƙaƙƙen tsumma ne, ka faɗa min yanzu.

Kuma ka je ka ba Mai Agogo haƙuri. Abin da ya yi shi ne daidai.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa da sa albarka. Ƙafa ta fara saɓewa, har ta shiga silifa. Mamarki ta kai takardarki gidaje huɗu.

Ashe abin da ya huda min rufi babban baƙo ne. Na yi wa wanzami bayanin, na ce masa obrait, ya ce Allah Ya sawwaƙe, ko akwai allurarsa. Ni dai abin da na gane, dutsen nan ɗan'uwana ne: fari a ido, babu ƙarfe a aljihu.

Maganar ruwa kuwa, tun da watan nan ya kama ko tsuntsu bai yi fitsari a layinmu ba. Ga takardarki na sa hannu. Na yi ta gwaji a bayan kwali kafin in sa, don kada Farfesa ta ɗauka kyankyaso ne ya faɗa tawada.

Wurin Mai Agogo kuwa zan je, in ƙafa ta yarda. Taku shida ne tsakaninmu, amma kin san tafiya ba a ƙafa take ba.

Wai in tambaye ki, don ilimi kawai. Na'urar taku tana ganin komai da komai ne, ko akwai abin da ke wuce ta?

Ubanki.

*

Baba,

Ina fatan kuna lafiya. Ni jikina lafiya, hankalina ne ba a kwance ba.

Mun yi mako biyu muna neman oldamait. Mun ga gurabensa, amma babu shi. A maimakonsa wani farin gari muka samu, irin wanda yake zama idan ruwa ya cinye shi. 'Yan ƙwayoyin ƙarfen da ke ɓoye a ciki kuma duk sun yi zoben tsatsa. Farfesa ta kira ni ta ce dutsen da ya faɗo wata biyu da suka wuce, aka tsince shi nan take, ba ya tsatsa. Ta ce wannan ya sha ruwa har cikin bargonsa, kamar wanda damina ta yi ta wucewa a kansa.

Ka san abin da suke zato? Akwai dillalai masu sayar da gutsattsarin tsofaffin duwatsun da aka tsinta a daji. Ana zaton na sayi ɗaya, na ƙirƙiro labarin shago da rufi don kundina ya yi suna. Farfesa ba ta faɗa da bakinta ba, amma dole ta kai rahoto, tunda takardar da ka sa wa hannu ta riga ta shiga fayil. An kafa kwamitin mutum uku. In suka ce ƙirƙira na yi, kora ce, kuma babu makarantar da za ta ƙara karɓata. An karɓe makullin ɗakin gwaji daga hannuna. Jiya na shiga ɗakin shan shayi, mutum biyu suka tuna suna da aiki.

Akwai gwajin da zai iya nuna yaushe dutse ya bar sararin sama, amma ba mu da na'urar, kuma inda take layin wata shida ne.

Baba, ka zauna ka tuna min komai daga faɗowarsa zuwa hannun direba. Ko rufin yana ɗiga? Ko direban ya ajiye shi kusa da jarkar ruwa? Duk abin da ka tuna, komai ƙanƙantarsa. Ka ari waya ka kira ni in zai yiwu.

'Yarka.

*

Baba,

Yau kwana ashirin da ɗaya ban ji daga gare ka ba. Direba ya ce yana ganinka a shago, kana aiki, in ya tsaya sai ka sauke gilashin fuska. Na gane. Tambayoyina sun yi kama da tuhuma, kuma ba a taɓa tuhumarka da ƙarya ba balle daga bakin 'yarka. Ka yafe min.

Ina so ka san abin da na yi. Farfesa ta ba ni ƙofar fita. Ta ce in janye takardar tarihin, in rubuta cewa ba a san asalin dutsen ba, kwamiti ya watse, in koma tsohon aikina in gama tare da 'yan ajinmu. Ta ba ni kwana uku in yi tunani. Na koma washegari na ce mata, "Mahaifina bai yi karatu mai nisa ba, kuma bakinsa ba ya hutawa da wasa, amma bai taɓa sa hannu a kan ƙarya ba." Na sa hannu a ƙarƙashin naka. Yanzu ƙofar ta rufe. Kwamiti zai zauna ranar sha takwas ga wata.

Ba sai ka ce komai ba. Layi ɗaya ya ishe ni, in san ba fushi kake yi ba.

'Yarka.

*

Uwata,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya. Ƙafa ta warke, ta bar ni ba ni da abin fakewa.

Wannan ita ce takarda ta biyar da na fara tun da na karanta maganar kwamiti. Huɗu suna cikin kwandon shara. Yau da safe mamarki ta kawo min faranti a rufe, na buɗe na tarar da biro. Ta ce in direba ya tashi gobe babu takardata a hannunsa, ita za ta shiga motar.

Ni na wanke dutsen.

Da ya tarwatse, a ƙasan shago ya zube, inda kin san abin da ke wurin: baƙin mai, ƙurar ƙarfe, tokar walda ta shekara ashirin. Na tattara nawa duka, na duba babban, na ga ya yi baƙi kamar tafin hannuna. Na jiƙa tsumma na goge. Sai wani wari ya taso kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na ce a'a, wannan ba zai shiga ofishin manyan malamai da sunan 'yata ba. Na zuba su duka cikin rabin duron da nake tsoma ƙarfe mai zafi, na barbaɗa garin sabulu. Ina wankewa wari yana ƙaruwa, ni kuma ina ƙara wanki. Na bar su kwana biyu a jiƙe, na bi su da buroshi, na shanya a kan bonet ɗin wata matacciyar mota har suka daina wari. Ranar na ji daɗin kaina ƙwarai. Ashe warin nan shi ne oldamait ɗinki yana kuka, ni kuma ina murna na yi maganinsa.

Ba za ki tuna ba, kina aji uku. Ranar da aka ba ki kyautar lissafi na taho daga shago a guje da kayan aiki a jikina. Mai gadi ya nuna min ƙofar baya, ya ce famfon da ya lalace yana can. Na tsaya a bayan taga na ga an kira sunanki. Tun ranar na ɗaukar wa kaina alkawarin cewa babu abin da zai fito daga hannuna ya shiga makarantarki da datti. Ba hujja nake kawowa ba. Ina faɗa miki inda wautar ta samo ruwa ne.

Wanki kuskure ne. Sa hannun kuwa da idona biyu na yi. Da na karanta bayaninki na ga abin da na kashe, sai kunya ta kama ni, na ce wataƙila na'urar kamar masu duba aikinmu ce, in ka shafa fenti a kan ƙazamar walda sai ta wuce. Ban ari waya ba domin ke tun kina ƙarama kina gane muryata in na karkace. Takarda ba ta rawar murya.

Ki kai wa Farfesa wannan. Ki ce mata 'yata ba ta sayi komai ba, ubanta ne kawai mutum na farko da sama ta aiko wa baƙo ya tarbe shi da sabulu. Tun da sauran lokaci ki janye takardar nan tawa, kada ki jingina da ita. Tsani ce irin nawa.

Ubanki.

Ƙari: direba ya zo karɓar wannan, ya miƙo min taki ta ƙarshe. Na karanta a tsaye. Uwata, da na san za ki sa hannu. Ban buɗe ambulan na canza komai ba sai wannan layin.

*

Baba,

Na karanta. Ina fatan Mama tana lafiya.

Na kai wa Farfesa. Ta karanta har ƙarshe, ta cire tabarau, ta ce ta yarda da kai a zuciyarta, domin sun ga alamar sabulu a dutsen sun rasa fassararta. Amma ta ce kwamiti ba zai karɓi maganar mutumin da ya riga ya sa hannu a kan akasinta ba. Za su ce uba ne yake rufa wa 'yarsa asiri. Abin da zai cece ni ɗaya ne: wani yanki na dutsen nan da ruwa bai taɓa ba, daga hannun wani wanda ba danginmu ba. Ka san inda yake. Saura kwana goma sha ɗaya.

Kwana ashirin da ɗaya ina ba ka haƙuri a zuciyata, kana sauke gilashi.

Abu ɗaya kuma. A takardar da ka gaya min ka rusa min karatun shekara biyu, na ƙirga wasa shida. Na yi dariya a biyu, kuma wannan ya fi komai ƙona min rai. Ina so wata rana in samu takarda daga gare ka wadda babu wasa a cikinta ko ɗaya.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa. Mamarki lafiya, ta fara yi min magana, kalma uku-uku.

Na yi taku shidan. Na yi sallama a ƙofar Mai Agogo, ya amsa ba tare da ya cire gilashin da ke manne a idonsa ba. Bai ce in zauna ba. Na tsaya minti arba'in, kuma ba ƙiyasi nake yi ba, agogo goma sha ɗaya ne suka shaida. Da ya gama ɗaura wani ɗan sukurun da bai kai ƙwayar yashi ba, na faɗa masa komai, har da buroshin. Bai yi dariya ba, bai ce na faɗa maka ba. Da ya yi ɗaya daga ciki da na fi samun sauƙi.

Ya buɗe durowa ya ɗauko kwalbar. Suna nan su uku, fari tas, bai taɓa buɗewa ba sai sau ɗaya da ya canza 'yan ƙulle-ƙullen. Ya ce su ne masu shanye laima, da su yake adana cikin agogo. Sannan ya sauko da wani agogon bango da ya tsaya. Ashe girgizar ranar ta kayar da shi, ya tsaya a ƙarfe goma da minti arba'in da bakwai, kuma ya rubuta rana da lokaci a littafin aikinsa tun a ranar. Ya yage shafin ya sa hannu, ya kira wanzami da mai faci su ma suka sa.

Na fara godiya, ya ɗaga hannu ya ce, "Ba don kai ba ne. Don yarinyar da take tsayawa a tagata da kayan makaranta tana tambayata me ya sa ƙaramin haƙori yake juya babba."

Sharaɗi ɗaya ya kafa: inda na yi masa dariya, nan zan faɗi abin da na yi. Na tsaya a gaban bencin wanzami da rana tsaka na faɗa. Yanzu sunana a layi Mai Wankin Tauraro. Wata mata ta aiko a tambaye ni ko ina karɓar barguna.

Kwalbar tana hannun direba, cikin gwangwani, cikin tawul, cikin kwali. Ban taɓa ta ba. Mai Agogo bai yarda na riƙe ko kwalin ba, shi ya kai mota da kansa. Kada ki buɗe, ki bar Farfesa ta fasa hatimin a gaban mutanen nan uku.

Na san akwai wasa a wannan ma. Na gwada cirewa, sai takardar ta zube.

Ubanki.

*

Baba,

Kwalba ta iso saura kwana biyu. An buɗe a gaban kwamiti. Oldamait yana nan da ransa, ɗigo-ɗigo, babu tsatsa ko kaɗan, kuma sauran ma'adinan sun yi daidai da na yankinka layi bisa layi. Dutse ɗaya ne. Obrait ne, sabon faɗowa. Farfesa ta fita waje ta tsaya a baranda na ɗan lokaci.

An wanke ni daga zargin ƙirƙira, an maido min makulli. Amma tunda na sa hannu a kan bayanin da ban bincika ba, an soke duk gwajin da na yi a kan wankakken yankin. Zan fara daga farko da ƙananan. 'Yan ajinmu za su fita bana, ni sai baɗi. A rajistar dutsen kuma za a rubuta cewa babban yankin ya lalace da ruwa a hannun wanda ya tsince shi. Wannan layin ba ya gogewa.

Kafin su rufe fayil suna so ka zo ka faɗa da bakinka, ranar Litinin ta sama. Na ce ban sani ba ko za ka zo.

Ka miƙa godiyata ga Mai Agogo. Zan rubuta masa tasa daban.

'Yarka.

*

Uwata,

Sallama. Muna lafiya. Alhamdu lillahi da abin da ya fito.

Zan zo. Zan taho da kayan aikina a jiki, in shiga ta ƙofar gaba, in faɗa musu abin da na faɗa miki. In sun tambaye ni sau uku zan faɗa sau uku.

Na yi miki ƙarya. Na ga kina nutsewa na yi shiru kwana ashirin da ɗaya don kada ki ga ƙanƙantata. Kin tsaya a gaban malamanki kin ce ban taɓa sa hannu a kan ƙarya ba, a lokacin da na riga na sa. Ki yafe min in kin iya. In ba ki iya yanzu ba, zan jira.

Rufi zan iya toshewa. Mai Agogo ya fara amsa gaisuwata. Shekarar da na ci miki ce na yi ta juyawa a raina, na duba duk abin da na iya yi da hannuna, ban ga inda zan samo ta in maido miki ba. Tana wuyana.

Na karanta takardar nan sau uku ina neman wasa in goge. Ban samu ba. Ita ce mafi gajarta da na taɓa rubuta miki, kuma ita ta fi ɗaukar min lokaci.

Ki gaya wa mai gadinku ina tafe.

Ubanki.